Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sahihancin Hotunan Sarakunan Rum da Aka Haɗa da Ƙirƙirarriyar Basira

Tsakure

Wannan maƙala tana ja da ra'ayin da ke cewa hotunan sarakunan Rum da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira suna dawo mana da ainihin fuskokinsu. Ta bi hujjoji uku da masu ra'ayin ke kafawa: yawan sassaƙen da suka rage, da bayanan marubutan da, da kuma zaton cewa na'ura ba ta da son rai. Ta yarda cewa akwai sarakunan da za a iya sanin tsarin fuskarsu gwargwado, amma ta nuna cewa launi da fata da shekaru, waɗanda su ne ke sa hoton ya yi kama da mai rai, ba daga shaidar da aka gada suke fitowa ba.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020, lokacin kullen korona, wani mai zane ɗan Kanada, Daniel Voshart, ya fitar da hotunan sarakunan Rum 54, tun daga Agustus, wanda sarautarsa ta kafu a shekara ta 27 kafin Miladiyya, har zuwa shekara ta 285 Miladiyya. Ya tattara hotunan sassaƙe kimanin 800, ya zuba su cikin manhajar Artbreeder, ya daidaita da Photoshop, sai ga fuskoki da fata da gashi kamar jiya aka ɗauke su da kyamara. Voshart bai ɓoye ba cewa aikin nasa fassara ce ta mai zane. To amma hotunan sun yi tafiya sun bar bayaninsa a baya, suka shiga jaridu da ajujuwa da sunan ainihin kamannin sarakunan.

Kanun jarida ba abin ɓata tawada ba ne. Abin da ya cancanci amsa shi ne ra'ayin da ke da ilimi a bayansa. Mai wannan ra'ayi yana cewa Rumawa, saɓanin Girkawa, sun saba sassaƙa mutum yadda yake, da tamojinsa da sanƙonsa, don haka duk abin da na'ura ta yi shi ne mayar wa dutse launin da zamani ya kankare. Yadda ake tsara sassaƙen sarki a fada, a rarraba samfurinsa zuwa larduna, a kwafa, sanannen abu ne ga manazarta, ba sai an maimaita ba (Fittschen da Zanker 1985, Boschung 1993, Fejfer 2008). Tambayar ita ce abin da wannan sani ke yi wa da'awar sahihanci. A iya fahimtata, ya rage mata ƙarfi fiye da yadda mai ra'ayin yake son yarda.

2.0 Hujjar Yawan Sassaƙe

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, don haka ita za a fi daɗewa a kai. Kawunan Agustus fiye da 200 sun iso gare mu, daga Andalus zuwa Masar, kuma duk wanda ya jera su zai ga fuska ɗaya. Mai ra'ayin yana cewa idan wani masassaƙi ya yi kuskure, wani zai gyara, kuma na'urar da ta haɗa ɗaruruwan hotuna tana tace kurakuran ta bar abin da aka yi tarayya a kansa, wato mutumin.

Matsalar ita ce waɗannan kawuna ba shaidu 200 ba ne. Kusan dukkansu suna komawa ga 'yan samfura kaɗan, manya daga ciki uku, kuma mafi rinjaye suna bin samfurin da ake kira na Prima Porta, da sunan wurin da aka tono shahararren mutum-mutuminsa a 1863, a gidan matarsa Livia da ke bayan birnin Rum. Kwafin yana da tsauri har manazarta suna gane samfuri ta hanyar ƙirga tukkayen gashin da ke kan goshi da yadda suka rabu. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida: ruwaya ko ta zo ta hanyoyi ɗari, idan duk sun haɗu a kan mutum ɗaya a tushe, hukuncinta hukuncin ruwayar mutum ɗaya ne. Abin da na'ura ke tacewa daga kawunan nan shi ne samfurin fada, tun da shi kaɗai suka yi tarayya a kai.

Kan tagullar Agustus na Meroe ya isa misali. John Garstang ya tono shi a 1910 a ƙasar Sudan ta yau, binne a ƙarƙashin matakalar wani haikali, inda ake kyautata zaton mayaƙan Kush ne suka kai shi ganima bayan harin da suka kai kudancin Masar wajen shekara ta 25 kafin Miladiyya. Yana gidan kayan tarihi na Birtaniya, idanunsa na gilashi da dutse suna nan. Tsarin gashinsa na Prima Porta ne. Wannan ya tabbatar da ƙarfin fadar wajen isar da fuska ɗaya har bakin iyakar daula. Bai ƙara mana shaida ta biyu a kan fuskar mutumin ba.

Mai ra'ayin zai ce to, ai samfurin ma a Rum aka yi shi, a hannun wanda ya ga sarki ido da ido. Haka ne, kuma ba na musun cewa akwai wani abu na Agustus a cikinsa. Sai dai a dubi abin da samfurin ya ƙi nunawa. An tsara shi wajen shekara ta 27 kafin Miladiyya, sarki yana da shekara talatin da 'yan kai, aka ci gaba da kwafarsa har ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75. Tsoho ya yi mulki, amma hoton tsufansa bai iso gare mu ba. Tsayuwar mutum-mutumin Prima Porta an ɗauko ta daga aikin Polikleitos, masassaƙin Girka na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, kuma Zanker (1987) ya nuna cewa natsuwar fuskar da daidaiton sassanta ma daga wannan salo aka aro su, don a raba sarki da kamannin matashin da ya hau mulki ta yaƙin basasa. Wanda ya sanya wa wannan fuska fata ya raya saƙon siyasa ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Siyasar ba ta tsaya kan Agustus ba. Tibariyus agolansa ne, ba jini ɗaya suke ba, amma an kusantar da tsarin gashinsa da na mijin uwarsa. 'Ya'yan gidan sun yi kama da juna a dutse har yau ana saɓani a kan wane kai ne na Gayus, wane ne na ƙaninsa Lusiyus. Seftimiyus Seberus, mutumin Leptis Magna a Libiya ta yau, ya ayyana kansa ɗan Markus Oreliyus bayan Markus ya daɗe da rasuwa, sai ga gemunsa da nannaɗen gashinsa a dutse sun koma irin na gidan da ya jingina kansa da shi. A nan kamanni hujjar gado ce da aka ƙera, na'ura kuwa ba ta da hanyar bambance kamannin jini da na da'awa.

Sannan su kansu duwatsun ba duka ne suka iso lafiya ba. Idan sarki ya faɗi aka la'anci sunansa, ba kullum ake fasa sassaƙensa ba, sau da yawa sake sassaƙa shi ake yi ya zama magajinsa (Varner 2004). Kawunan Kaligula sun koma Kalaudiyus bayan shekara ta 41, na Nero sun koma wasu bayan 68, kuma a allon marmara na Kanselariya da ke Batikan an mayar da fuskar Domishiyan ta zama ta Nerba bayan 96. Irin wannan kai yakan fito da ƙaramar fuska a ƙarƙashin gashin wani. Shahararren kan Nero na gidan tarihin Kapitol, wanda ake yawan ɗorawa a littattafai, wani ɓangaren fuskar ne kawai na da, sauran gyaran ƙarni na 17 ne. Kan da ke Benis wanda masu zanen Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwafa da sunan Biteliyus, yanzu galibin manazarta suna ganin na wani mutum ne daban na ƙarni na 2 (Beard 2021). Duk tarin hotunan da aka haɗa ba tare da tantance waɗannan ba, ya cakuɗa sarki da magajinsa da mai gyara da baƙo.

Mutanen zamanin ma sun yi ƙorafi. Ariyan, gwamnan Kafadokiya, ya rubuta wa Sarki Hadiriyan cewa mutum-mutuminsa da ke Tarabzon bai yi kama da shi ba, ya roƙi a aiko da wani. Firanto ya shaida wa ɗalibinsa Markus Oreliyus cewa hotunansa da ke rataye a shaguna da teburan 'yan canji ba a zana su da kyau ba. Waɗanda suka san fuskokin ba su ɗauki kowane hoto a matsayin shaida ba. Da wuya a ga dalilin da zai sa mu, bayan kusan shekara dubu biyu, mu fi su amincewa.

3.0 Inda Hujjar Ta Tsaya da Ƙafarta

A nan dole a rage faɗin da'awar, domin shaida ba ta kai ga cewa duk sassaƙen ƙage ne ba. Kuɗin Nero, da ake iya jera su shekara-shekara daga 54 zuwa 68, suna nuna saurayi siriri yana ƙiba har wuyansa ya cika haɓarsa ta ninku, kuma ba a ga ribar da fada za ta ci da ƙirƙirar wannan ba. Suwetoniyus ya ce fuskar Basfasiyan kullum kamar ta mai yunƙuri take, kuma kansa da ke Kofanhagan, na tsoho mai sanƙo da matsattsen baki, ya yi daidai da haka. Dogon hancin Nerba yana nan a kuɗi da dutse. A kawunan Hadiriyan da yawa akwai wata tsaga a karkace a ƙasan kunne, wadda likita Nicholas Petrakis ya yi rubutu a kanta a 1980 yana danganta ta da ciwon zuciya. Ko an karɓi fassararsa ko ba a karɓa ba, ƙaramin abu irin wannan ba ya shiga samfuri sai an gan shi a jikin mutum.

Saboda haka abin da nake iya tsayawa a kai ya fi ƙanƙanta, amma ina ganin ya fi tabbata. Ga sarakunan ƙarni na 1 da na 2 da suka daɗe a mulki, waɗanda kuɗi mai ɗauke da suna ya gaskata sassaƙensu, ana iya sanin tsarin ƙashi gwargwado: hanci, haɓa, goshi, faɗin fuska. Ko a nan ma akwai wani kan Basfasiyan a Rum, mai santsin fuska da ƙarancin shekaru, kuma mai haɗa hoto sai ya zaɓi ɗaya. Da an shiga rikicin ƙarni na 3 kuwa, ƙasar da ake takawa ta fara zaftarewa. Maksiminus, wanda ya yi mulki daga 235 zuwa 238, bai taɓa shiga Rum yana sarki ba, kuma kuɗinsa na farko sun ɗauko kamannin wanda ya gada, Seberus Iskandar, kafin daga baya babbar haɓarsa ta bayyana. Kwintilus a 270 da Filoriyanus a 276 ba su wuce makonni ko 'yan watanni a kan mulki ba, kuma abin dogaro a kansu shi ne gefen fuska a kan ƙaramin tsaba. Juya wannan ya fuskanci mai kallo ƙirƙira ce. Amma a jerin hotuna 54, Filoriyanus yana kallonmu da tabbaci irin na Hadiriyan, babu abin da ke nuna cewa ɗaya yana da tulin shaida, ɗayan kuwa kusan babu.

4.0 Marubutan Da da Batun Launi

Hujja ta biyu ita ce abin da dutse ya rasa, rubutu ya cike. Suwetoniyus ne madogara a nan, kuma an haife shi wajen shekara ta 69, fiye da shekara hamsin bayan rasuwar Agustus. Ya samu shiga taskar fada, don haka ba a yar da maganarsa. Sai dai yakan saɓa wa dutsen. Ya ce haƙoran Agustus ƙanana ne, a warwatse, marasa kulawa, girarsa a haɗe, kuma gajere ne har yana sa takalmi mai tudu. Ya ce Kaligula yana da sanƙo a tsakar ka, idanunsa sun faɗa, alhali kawunansa na marmara cike suke da gashi. Domishiyan, wanda Suwetoniyus ya rayu a zamaninsa, shi ma mai sanƙo ne a rubutu, mai suma a dutse. Idan shaidu biyu suka saɓa, haɗa su cikin hoto ɗaya ba ya warware saɓanin, ɓoye shi yake yi.

Ban da haka, siffanta jiki a wancan zamani reshe ne na hukunta hali (Evans 1969). Ilimin firasa yana da kasuwa a lokacin, kuma littafin Folemon, wanda ya yi zamani da Hadiriyan ya kuma yabi hasken idanunsa, ta fassarar Larabci ya fi isowa gare mu. Marubucin da ya riga ya yanke cewa Kaligula azzalumi ne, akwai siffofin da al'ada ta tanadar masa. Da wuya a rabe abin da aka gani da abin da aka ga ya dace. Majiyoyin baya sun fi rauni: tarin tarihin sarakuna da ake kira Historia Augusta ya ba Maksiminus tsawon da ya haura ƙafa takwas, Yohana Malalas kuma a ƙarni na 6 yake siffanta mutanen da suka mutu ɗaruruwan shekaru kafin shi.

Launi ne ya fi kowane abu jan hankalin mai kallo, kuma a nan shaida ta fi ƙaranci. Gaskiya ne an yi wa marmara fenti, kamar yadda baje kolin da Vinzenz Brinkmann ya jagoranta tun 2003 a Munik ya fahimtar da jama'a, kuma kan Kaligula na Kofanhagan yana da ragowar fenti a ido da gashi. Amma ragowar ba ta isa ta ba da amsa ɗaya ba, shi ya sa aka sake gina launin wannan kai fiye da sau ɗaya, sakamakon ya bambanta. Zanen katako mai da'ira da ke Balin, wanda aka yi a Masar wajen shekara ta 200, ya nuna Seftimiyus Seberus da fata mai duhu fiye da ta matarsa Juliya Domna. Wasu sun kafa hujja da shi a kan launinsa, kuma mai yiwuwa suna da gaskiya. Sai dai al'adar masu zanen Masar da Rum ce su duhunta namiji su haskaka mace, don haka zanen shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Voshart da kansa ya sake wasu hotunan bayan an jawo hankalinsa cewa wata majiya da ya dogara da ita a kan launin gashi da ido tana da alaƙa da masu aƙidar fifita farar fata. Gyaran abin yabo ne. Yana kuma nuna cewa gurbin da shaida ta bari, aƙidar wani na iya cike shi ba tare da mai aikin ya lura ba.

5.0 Abin da Na'ura ke Ƙarawa

Hujja ta uku, cewa na'ura ba ta da son rai, ta fi sauran sauƙin amsawa. Fuskokin Artbreeder sun dogara da StyleGAN na kamfanin Nvidia, wanda aka horar da hotuna 70,000 na mutanen wannan zamani da aka kwaso daga Flickr. Fatar da ke kan kumatun Agustus, da ƙyallin idonsa, daga waɗannan mutane aka aro su. A watan Yunin 2020 an ga inda wannan ke kaiwa, lokacin da aka ba manhajar PULSE, wadda aka gina kan StyleGAN, dusasshen hoton Barack Obama, ta fitar da fuskar Bature. Obama yana raye, kowa ya ga kuskuren. Sarkin Rum ba shi da mai tsaya masa. Haka kuma an ruwaito daga Voshart cewa ya cuɗa ɗan kamannin ɗan wasan fim Daniel Craig cikin Agustus, da na ɗan kokawa André the Giant cikin Maksiminus. Zaɓin mai zane ne, yana da 'yancinsa, amma ba binciken tarihi ba ne.

Babu kuma abin da za a gwada sakamakon da shi. Sarakunan farko ƙona gawarsu aka yi, tokar da aka ajiye a hubbaren Agustus ta ɓace tuntuni. A kwatanta da Richard na III na Ingila, wanda aka tono ƙasusuwansa a Lesta a 2012. Akwai ƙoƙon kai, akwai ƙwayoyin halitta, amma binciken 2014 bai wuce cewa yiwuwar shuɗin ido kashi 96 ce cikin ɗari, ta gashi mai haske kashi 77 ba. Wanda ke da gawa a hannu da lissafin yiwuwa yake magana. Bai kamata wanda ke da dutse kawai ya fi shi tabbaci ba.

Wannan ne, a ganina, babban aibin. Masu nazarin rubutun da ke kan duwatsu suna da ƙa'ida tun taron Laidin na 1931: harafin da ya goge, manazarci ya cike da hasashe, sai an sa shi cikin baka, don mai karatu ya san inda dutse ya tsaya da inda malami ya fara. Hoto mai kama da na kyamara ba shi da baka. Hancin da kuɗi ya tabbatar da shi, da launin idon da aka zaɓa, suna zaune a fuska ɗaya da daraja ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ɗalibin da ya ga wannan fuska zai yi wuya ya saurari wanda ke ce masa ba a san launin gashin ba.

6.0 Kammalawa

Hotunan nan suna da amfani wajen tunatar da mu cewa mutane ne suka yi mulkin Rum, kuma ga 'yan sarakuna kaɗan suna riƙe da tsarin fuska da za a iya karewa da hujja. Sahihancinsu bai wuce nan ba. Abin da suke kamantawa da kyau shi ne hoton da fada ta so a gani, sanye da fatar mutanen ƙarni na 21. Kiran su ainihin kamanni kuskure ne, ko da mai kiran ya yi shi da kyakkyawar niyya.

Ina kira ga malamai da editoci da masu gidajen tarihi da kada su buga irin wannan hoto shi kaɗai. A ajiye shi kusa da kan dutsen ko kuɗin da aka dogara da shi, a faɗi samfurin da aka bi, a rubuta ƙarara abin da shaida ta bayar da abin da mai zane ya zaɓa, kuma inda ake saɓani a nuna fuska fiye da ɗaya. Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin irin waɗannan manhajoji sun fara fitar da fuskokin magabatanmu, irin su Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ba a gaji sassaƙe ko kuɗi mai ɗauke da fuskarta ba. Idan Agustus mai kawuna fiye da 200 bai ba mu tabbacin fuskarsa ba, to wajibi ne duk hoton da aka haɗa wa wanda bai bar ko ɗaya ba a rubuta a ƙarƙashinsa cewa hasashe ne.